Ƙaramar kwamfutar kallon da na haɗa tana mutuwa a tsakiyar fim

Mushe Ilya, Karkada:
Assalamu alaikum ƴan uwa, an wuni lafiya, ya zafi? Yau ni ne da tambaya. Wata biyu ke nan da na haɗa wata ƴar ƙaramar kwamfuta don kallo a falo. Ba ta aiki ba ce, ta kallo ce zalla: a jona ta da tele, a zuba mata bidiyon bukukuwan gida, tafsirin azumi, zanen yara, da kokowar takobi da nake ɗauka duk shekara. Abin da ya tura ni, kile-kile na USB sun cika gidan, kullum ana neman wanda sunan Nana yake ciki ba a gani, kuma telen ba ta karanta rabin abin da aka soka mata.

Ga kayan. Kat-mer, babban allon da ake jona sauran kayan a kansa, wanda mutanen Kano suke ce wa bod, irin ƙaramin nan mini-ITX mai santimita 17 kowane gefe, na hannu ne, wani tsohon ɗalibina ya kawo mini. Furosesa Core i5-4570, RAM giga 8, SSD giga 120, sai diski na waje tera 1 inda bidiyoyin suke. Akwatin ɗan ƙarami ne, bai fi kwalin takalmi ba. Windows 10 ne a ciki, sai Kodi, manhajar tsara bidiyo da kunna shi, a kansa.

Matsala uku ce. Wasu bidiyoyin suna tafiya sumul, wasu kuwa sai hoto ya riƙa tsinkewa, murya ta bar baki a baya, fanka ta hau ihu kamar injin niƙa, bayan minti ashirin zuwa talatin sai na'urar ta mutu ɗif. Ta biyu, wasu fina-finan hoto kawai, sauti ko tari babu. Ta uku, in an ɗauke kuran aka maido, tana tashi da kanta, fitilarta a kunne, amma tele ta ce ba ta ga komai ba, sai na kashe na sake kunnawa. Jiya a gaban surukaina ta mutu ana tsakiyar kallon bikin ƙanwar maiɗakina. Kunyar da na sha Allah kaɗai ya sani.

Alhaji Ɗan Birni:
Wa alaikumus salam. Mushe, kai ma da neman wa kai wahala. Ƴar akwatin Android ɗin nan da ake sayarwa a Kasuwar Dole ba ta ishe ka ba? Jikana ya jona mini ɗaya shekara biyu ke nan, ko sau ɗaya ban kwance ta ba. Ka mai da wannan ofis ka riƙa buga jarrabawar yara da ita.

Mushe Ilya:
Ranka ya daɗe Alhaji, na yi biyu kafin wannan. Ɗaya ta rasu a damina, ɗaya tana nan amma in ta ga diski mai tera ɗaya sai ta yi kamar ba ta san shi ba.

Mamman Mai Gyara:
Mushe, kafin kowa ya ce komai, ɗauko hoton inda ka ajiye ta ka turo. Ba hoton na'urar ba, hoton wurin.

Mushe Ilya:
Ga shi nan. A cikin kabad ɗin da ke ƙarƙashin tele take, kusa da dekoda.

Mamman Mai Gyara:
Innalillahi. Kabad mai ƙofar gilashi, bayansa a rufe, ga dekoda a gefe yana nasa zafin, sannan an lulluɓa mata ɗan kyallen ado mai huda-huda a kai. A watan Mayu. A Damagaram. Mushe, ko kai aka sa a nan minti ashirin za ka suma.

Furosesan nan naka wat 84 aka rubuta masa, na babban akwatin ofis ne mai iska gaba da baya. Akwai ƴan uwansa da aka yi don ƙananan akwatuna, 4570S mai wat 65 da 4570T mai wat 35. Kai ka ɗauki babban ka cusa shi a kwalin takalmi, kwalin ka cusa a kabad. In ya kusa digiri 100 sai ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone, tsinkewar hoton ke nan. Fito da ita sarari, cire kyallen, kwance murfin ka duba fankar. Na rantse za ka tarar da ƙurar hunturun bana ta yi bargo tsakanin haƙoran ƙarfen.

Hajiya Maman Fati:
Malam Mamman, a bar zancen kyallen nan. Wadda ta lulluɓa shi ƙura take gudu, ba mugunta ta yi ba. Mu da muke sharar falo sau biyu a wuni mu muka san abin da muke kwashewa.

Mamman Mai Gyara:
Tuba nake Hajiya. A lulluɓa in an kashe, a yaye in za a kunna. Mun shirya?

Nasiru Ɗan Jami'a:
Baba Mushe, barka da yamma. Maganar Yaya Mamman gaskiya ce, amma akwai tambayar da ba a yi ba: me ya sa wasu bidiyoyin ne kawai suke sa ta zafi? Ai kabad ɗin bai canza ba tsakanin tafsiri da bikin. Ina roƙon ka kunna wanda yake tafiya lafiya, ka danna harafin O a kibod, Kodi zai nuna maka irin matsin da aka yi wa bidiyon da yawan aikin da furosesa yake yi. Sai ka kunna na bikin ka sake dannawa. Ka faɗa mana abin da ka gani.

Mushe Ilya:
To ɗana. Na kokowa ya rubuta h264, furosesa bai wuce kashi 10 ba. Na bikin ya rubuta hevc, lambobin huɗu duk sun haura 90.

Nasiru Ɗan Jami'a:
Yawwa, an zo wurin. Bidiyo ba a ajiye shi yadda kamara ta ɗauka, sai an matse shi, in za a kalla a warware. H.264 tsohon salon matsi ne, tun 2003, kuma a cikin furosesanka akwai wani ɗan sashe da aikinsa kawai warware shi, shi ya sa sauran suke hutawa. HEVC, wanda ake kuma ce wa H.265, a 2013 aka fitar da shi, shekarar da furosesanka ya fito kasuwa, don haka ba a gina masa cikakken sashen warware shi ba. Sai a zubi na shida na furosesocinta kamfanin Intel ta sa na HEVC mai bit 8 (zurfin kala ke nan), na mai bit 10 kuma sai zubi na bakwai. Naka na huɗu ne. Aikin da ɗan sashe zai yi da wuta kaɗan, sai ya koma kan furosesa gaba ɗaya, kamar a ce babu injin niƙa a unguwa sai a koma turmi. Garin zai fito, amma mai daka za ta yi gumi.

Kuma na ci amanar cewa da sabuwar waya aka ɗauki bikin. Wayoyin iPhone tun 2017 da HEVC suke ɗauka in ba a canza musu ba, na Android da yawa ma yanzu haka, wasu har 4K. In ka lura kalar bidiyon ta yi fari-fari kamar wadda ta sha wanki, to HDR ne mai bit 10, telen da ba ta san shi ba haka take nuna shi.

Mushe Ilya:
Wallahi haka yake. Amarya ta fito kamar an baɗa mata toka, har maiɗakina ta ce mai kwalliyar ce ta cuce su.

Alhaji Ɗan Birni:
Kun ji ko? Akwatina duk wannan hebek ɗin cinye shi take ba ta ko tari.

Nasiru Ɗan Jami'a:
Gaskiya ne Alhaji, a wannan fannin akwatin ta fi, domin guntun da ke cikinta don bidiyo aka ƙera shi. Inda take gazawa shi ne riƙe babban diski da tsara dubban fayiloli, kuma masu arahar ba a sabunta musu tsari.

Mamman Mai Gyara:
Duk da haka i5 bai kamata ya mutu don ya yi aiki ba. Mushe, ka buɗe?

Mushe Ilya:
Na buɗe yanzu bayan magariba. Bargon yana nan yadda ka faɗa, na cire shi da tsohon buroshin haƙori. Amma ga wani abu: da na taɓa ƙarfen sanyayar sai na ji yana motsi ta gefe ɗaya.

Mamman Mai Gyara:
Na san za a rina. Fankar Intel ta asali ƙafa huɗu gare ta, na roba, ana danna su su shige ramin kat-mer har ka ji ƙas. Mutane suna juya kan ƙafar bin kibiyar da aka zana a kai suna zaton kullewa ce, alhali kibiyar ta buɗewa ce. Ga yadda za ka yi. Ciro ta gaba ɗaya. Goge tsohon man nan mai kai zafi ga ƙarfe da ke kan furosesa da na ƙasan ƙarfen da tsumma mai tsabta da ɗan alkol na kantin magani, ba fetur ba, ba yawu ba. Sa sabon mai kamar ƙwayar wake ƙarama a tsakiya, kada ka shafe shi kamar man shanu a burodi. Mai da kawunan ƙafafun saɓanin kibiya, sannan ka danna biyu masu kallon juna ta kusurwa a tare, ka koma sauran biyun. Juya kat-mer ɗin ka duba bayansa: kowace ƙafa sai ka ga baƙin tsinke ya ratsa tsakiyar farin ya buɗe shi. In ɗaya ta lanƙwashe ko ta karye, kada ka ɗaure da waya, kawo in ba ka wata, ina da su cikin gwangwani.

In ba ka da man, aiko yaro da safe. Kuma don Allah kada wani ya ce maka man goge baki yana yi. Yana yi na kwana biyu, ya bushe ya zama alli.

Laminu Sola, Sabon Gari:
Salamu alaikum, yanzu na shigo na karanta daga sama. Ban musa zafi ba, amma akwai abin da bai zauna mini ba. Furosesa in ya yi zafi rage gudu yake, ya daɗe yana jan ƙafa kafin ya kai ga kashe kansa. Mutuwa ɗif a kusan lokaci ɗaya kullum ta fi kama da ta wuta. Mushe, a akwati ƙarami haka me yake ba ta wuta? Ban ga ka ambata ba.

Mushe Ilya:
Wani ɗan guntu ne da ake sokawa kai tsaye a bakin kat-mer mai ramuka 24, wayarsa ta fito baya, sai caja irin ta kwamfutar hannu.

Laminu Sola:
Karanto mini abin da aka rubuta a bayan cajar.

Mushe Ilya:
12V, 5A.

Laminu Sola:
To Mushe, kai ne malamin lissafi. 12 sau 5?

Mushe Ilya:
60. Kai, Laminu.

Laminu Sola:
Wat 60, in ma mai cajar ya faɗi gaskiya, kuma na kasuwa da yawa ba sa kai abin da aka buga musu. Furosesa shi kaɗai in ya miƙe yana iya neman 84, ban da kat-mer, RAM, fanka, da diskin waje da yake shan nasa ta USB. Muddin h264 kake kallo na'urar duka ba ta shan abin kirki, caja tana barci. Da ka sa bikin sai a ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta, ta yi ta ɗauka tana zafi, a cikin kabad kuma, har kariyar da ke cikinta ta yanke. Bayan ta huce ta dawo kamar ba ita ba. Taɓa ta in ta mutu ka ji.

Mamman Mai Gyara:
Laminu, kowa da abin da ya iya gani. Kai ko ciwon kai aka kawo maka sai ka ce batir ne. Ƙarfen sanyaya yana lilo a kan furosesa, me kuma ake nema?

Laminu Sola:
Yaya Mamman, ai ba gardama. A gyara naka a gwada. In ta daina mutuwa, shayin fada na ranar Juma'a a wuyana.

Mamman Mai Gyara:
Da gyaɗa.

Nasiru Ɗan Jami'a:
Kafin gobe bari mu kashe ta sautin, ita ce mai sauƙi. Baba Mushe, fina-finan da ba sa magana sautinsu DTS ne ko Dolby mai lasifika shida. A saitin sauti na Kodi akwai wurin da ake ce masa ya miƙa sautin ɗanye ga na'urar da ke gaba ta warware da kanta. An yi shi don masu babban ampili. In tele ce kawai a gaba, kuma ba ta san DTS ba, sai shiru. Ka kashe wannan, ka sa yawan lasifika a 2.0, Kodi zai warware ya haɗe su biyu. Sai ka ɗaga matakin saitin zuwa na gwanaye kafin wasu layukan su bayyana. In ka ji kiɗa da harbi suna da ƙarfi amma maganar mutane ƙasa-ƙasa, akwai inda ake ƙara wa lasifikar tsakiya ƙarfi wajen haɗewar, don a nan muryoyi suke.

Mushe Ilya:
Allah ya yi maka albarka. Ya yi magana. Ni na kunna abin da hannuna ran farko, na ga sunan ya yi kama da abin da zai ƙara kyau.

Abdu Mirya:
Tunda ana maganar jone-jone, ni tambayata daban. In na taɓa bakin wayar HDMI sai in ji tana ɗan cizo. Bara na soka ta a tele komai na kunne, na ga ɗan tartsatsi, tun ranar ramin farko bai sake aiki ba. Mene ne wannan?

Laminu Sola:
Rashin wayar ƙasa ne, Abdu. Gidajenmu da yawa waya biyu aka ja, rami na uku a soket ado ne. Tele da caja da dekoda kowanne yana ɗan yoyon wuta zuwa jikinsa, wadda ya kamata ta bi wayar ƙasa ta tafi. In babu, sai ta tsaya a jikin ƙarfen, ka auna da mita ka ga kusan rabin 220. Ba ta da ƙarfin kashe mutum in na'urar lafiyarta lau, amma ta isa ta kashe guntun HDMI. Ga dekoda kuma wayarsa ta hau rufi ta taɓa kwanon parabol, nasa matakin daban. Don haka a zare komai daga soket kafin a soka ko a cire HDMI, kuma tele da kwamfuta da ampili su sha daga ralanji ɗaya. Maganin gaske a kafa sandar ƙasa, a ja waya ta uku ko da zuwa falo kaɗai. A ƙasarmu mai duwatsu da bushewa sai an nemi wuri mai ɗan laima, wasu kusa da makwararar ruwan wanka suke kafawa.

Hajiya Maman Fati:
Ni duk wannan lissafin naku bai dame ni ba. Tambayata ɗaya, Mushe: in ka tafi lakwal, wa yake iya kunna ta? Mai gidanmu ya taɓa kawo irin wannan, da kibod da linzami a kan tabarma. In ba ya nan sai mu zauna muna kallon akwati. Yara suka cire haruffa uku, linzamin ya faɗa a kunu. Ƙarshenta kile muka koma.

Mushe Ilya:
Hajiya kin taɓa inda yake ciwo. A gidan ma sunanta "kwamfutar Abba", ba mai zuwa kusa.

Nasiru Ɗan Jami'a:
Hajiya ta fi mu gaskiya. Hanya uku na sani. Akwai telekomand mai ɗan kan USB da ake sokawa a baya, kwamfuta tana ɗaukarsa a matsayin kibod, kibiyoyi huɗu da OK sun isa Kodi. Akwai manhajar Kore a wayar Android, kyauta, amma sai waya da kwamfuta suna kan wifi ɗaya, ko da babu intanet a kansa. Ta ukun ita ce mai daɗi, a yi amfani da telekomand ɗin tele kanta ta cikin wayar HDMI, abin da ake kira CEC; Samsung suna ce masa Anynet+, LG SimpLink, Sony Bravia Sync. Sai dai yawancin kat-mer na kwamfuta ba a ja musu wannan layin ba, sai an sayi wani ɗan adafta. Ƴar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi tana da shi tun daga gida.

Sannan shawarata a cire Windows. Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina kula da Windows 10, kuma Windows 11 daga zubi na takwas yake karɓa a hukumance. A sa LibreELEC, ɗan ƙaramin Linux ne da ba ya komai sai tayar da Kodi. Ka danna maɓalli, daƙiƙa kaɗan jerin fina-finai ya fito, ba tagar da za ta buɗe ta ce a sabunta, ba mai cinye forfe a ɓoye.

Mamman Mai Gyara:
A nan zan ja maka birki, Nasiru. Ran da ta lalace Mushe ya kawo, Windows kowane yaro a layinmu ya iya shi. Linux ɗinka in ka tafi Yamai neman aiki wa za mu kira? Kuma diskinsa NTFS ne, tsarin ajiya na Windows, a ɗauke kuran ana rubutu a kansa sau biyu, sai an nemo Windows a duba shi kafin ya koma daidai.

Nasiru Ɗan Jami'a:
Yaya, sake zuba LibreELEC bai kai minti goma ba. Kuma ana iya gwada shi daga kile ba a taɓa SSD ba.

Mamman Mai Gyara:
To a gwada daga kile. Amma a gama jinyar farko tukuna, ba a yi wa mai zazzaɓi kaciya.

Mushe Ilya:
Barkanku da rana. Rahoto. Na karɓo man da ƙafa ɗaya wurin Mamman, na ɗaura yadda ya ce, na fito da ita kan kabad. Da, in na sa bikin, ma'aunin zafi yana kai 98 zuwa 100. Yanzu bai wuce 78 ba, fankar ma ta rage ihu, tsinkewar ta ragu sosai. Na ce alhamdu lillahi, na kira maiɗakina. Minti talatin da biyar, daidai ana shiga da amarya, ɗif. Na kai hannu kan cajar, sai da na janye.

Laminu Sola:
Yaya Mamman, ina jin gyaɗar ta koma wuyanka.

Mamman Mai Gyara:
Daga 100 zuwa 78 ba aiki ba ne? Cuta biyu ce a jiki ɗaya. Na warkar da tawa. Sukari dai zan kawo.

Laminu Sola:
Na yarda. Mushe, kafin ka kashe ko dala, gwada wannan don mu tabbata: a saitin wuta na Windows akwai inda ake ƙayyade iyakar ƙarfin furosesa, mai da shi kashi 70. Hoton zai ƙara tsinkewa, amma in ba ta mutu ba, caja ce. In ta tabbata, nemi mai 12V 10A, wat 120 ke nan, ka duba kuma ɗan guntun na ciki nawa aka rubuta masa, kada shi ma ya zama na 80 ko 90. Ka zo da ita in auna maka a kan kaya, ba a sake ba. Irin wannan guntun yawanci 12 ɗin da aka ba shi ita yake wucewa da ita kai tsaye zuwa kat-mer, kuma ƙa'ida kada ta kauce fiye da kashi 5, wato tsakanin 11.4 da 12.6.

Wannan ne ma ya sa nake hana mutane abin da na san wani zai kawo yanzu.

Abdu Mirya:
Ni ne zan kawo. Tunda 12 take sha, me zai hana a ja mata daga batirin pano kai tsaye, a huta da ɗauke kuran?

Laminu Sola:
Ga shi kuwa. Batirin da ake ce wa na 12, da rana in pano yana cika shi yana kai 14.4, da asuba ya sauko ƙasa da 12. Kat-mer ba zai gode maka ba. Sai dai a sa mai daidaitawa a tsakani wanda yake fitar da 12 cif ko me ya shigo, ko a sayi guntun da aka yi don mota mai karɓar wuta mai hawa da sauka. Hakan ya fi a bi ta konbatisa a mai da ita 220 sannan caja ta sake mai da ita 12, asara biyu, ga ƙugin da masu arahar suke sa wa lasifika.

Kuma in da daga farko aka tambaye ni, ga mai pano, ba zan ce i5 ba. Ƙananan nan masu Intel N100 da suka fito a 2023, wat 6 aka rubuta wa furosesan, yana warware HEVC da AV1, wani sabon salon matsi, da kansa. Tele ce ma za ta fi shi shan batir nesa ba kusa ba.

Alhaji Ɗan Birni:
Wato bayan kwana biyu ana Turanci an dawo kan ƴar ƙaramar akwati. Na gode.

Mushe Ilya:
Alhaji, wadda ke hannu ita ce tawa, ba ni da jikunan sabuwa kafin albashi. Nasiru, bidiyon bikin fa? Haka za ta riƙa daka shi a turmi?

Nasiru Ɗan Jami'a:
A'a Baba. Nawa ne irinsu? In ba su da yawa, HandBrake, manhajar juya bidiyo, kyauta ne, ka juya su zuwa H.264 mai 1080 sau ɗaya, ka bar ta ta yi aikin da dare in gari ya yi sanyi, bayan an canza caja. Telenka ma 1080 ce, 4K ɗin ba ya ƙara maka komai, kuma HDMI na wannan zubin 1.4 ne, ko an ba shi 4K bai wuce hoto 30 a daƙiƙa ba. In HDR ne ka zaɓi a mai da kalar BT.709, wato kalar tele ta yau da kullum, tokar za ta bar fuskar amarya. Kada ka goge na asalin. Akwai kuma katin hoto GT 1030 gajere mai wat 30 da yake warware HEVC, amma ban ga wurinsa a kwalin takalminka ba, kuma ƙarin kaya ne a kan caja.

Saura baƙin allo bayan an maido wuta. Kwamfuta in ta tashi tana tambayar tele ta wayar HDMI wace ce ke, wane girman hoto kike ɗauka. In ta riga tele farkawa ba ta sami amsa ba, wani lokaci sai ta yi zamanta ba ta tura komai. A BIOS, saitin kat-mer ɗin da ake shiga kafin Windows ya tashi, akwai layin abin da za ta yi in wuta ta dawo, naka an sa ta tashi. Mai da shi ta zauna a kashe.

Laminu Sola:
Wannan ko ba don tele ba a yi shi. Wutar da aka maido a daƙiƙun farko ba ta da natsuwa, wani lokaci ta zo ta koma sau biyu. Gara a jira ta zauna, a kunna tele, sannan kwamfuta.

Mushe Ilya:
Salamu alaikum, bayan kwana huɗu. Gwajin kashi 70 ya nuna caja ce, awa ɗaya da rabi ba ta mutu ba. Na sami mai 10A, Laminu ya auna ta a kan kaya ta ba da 12.1, guntun ciki kuma na 150 ne. Bidiyo goma sha ɗaya na juya cikin dare biyu. Jiya an kalli bikin daga ɗaurin aure har kai amarya, surukata ta sa aka maimaita wurin rawar sau uku. Telekomand mai kan USB yana hannun maiɗakina, Hajiya, har ta gano yadda ake tsallake gaba ban koya mata ba. Kyallen ya koma kan dekoda, shi kuma ban ce komai ba tukuna.

Abu ɗaya ya rage. Saitin BIOS ɗin ba ya zama. Duk ran da aka zare ta daga soket sai ya koma yadda yake, agogo ma ya koma shekarun baya, har Kodi ya ƙi ɗauko hotunan fina-finai daga intanet.

Mamman Mai Gyara:
Ɗan batirin kat-mer ne ya mutu, mai kama da kwabo, CR2032, bolt 3. Kat-mer ɗin ya haura shekara goma, ai ya yi ƙoƙari. Agogo in ya ɓata shafuka masu tsaro ba sa yarda da na'urar, shi ya sa hotunan suka ƙi zuwa. Masu gyaran agogon hannu suna da shi, ni ma ina da. Biyo bayan la'asar kafin in rufe, ka taho mini da tsohuwar cajar nan, akwai wani mai wifi da tasa ta ƙone, 5A ta yi masa yawa ma.